MOTAR IKKILISIYA: SAYE DABAN, RIƘO DABAN

Abin da ya kamata dattawa su sani game da akori-kura mai turbo, shan manta da ƙarfin janta

Daga Tudun Wada, Zariya

Duk wanda ya taɓa halartar bikin keɓe sabuwar motar ikkilisiya ya san irin murnar da akan yi a ranar. 'Yan Zumuntar Mata su fito da ankonsu suna guɗa, mawaƙa su kewaye motar da waƙa, limami ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a, sa'an nan a miƙa wa direba mabuɗi ana tafi. Amma in mai karatu ya ɗauki yini guda ya zaga harabar majami'u a garuruwanmu, da wuya ya rasa ganin wani abin da ba a yi masa guɗa. Wato motar da aka keɓe shekara uku ko huɗu da suka wuce, ga ta can a gindin darbejiya an ɗora ta a kan duwatsu, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, sunan ikkilisiya kuwa yana nan ɓaro-ɓaro a jikin ƙofa.

Kuɗin da ya sayi wannan mota ba daga sama ya faɗo ba. Baikon gwauruwa ne, da mudun masarar manomi, da ɗan abin da ɗan fansho ya tsakuro daga aljihunsa. Saboda haka na ga ya dace mu zauna mu duba al'amarin da kyau, musamman yanzu da ikkilisiyoyi da dama ke marmarin irin akori-kurar nan mai turbo, wadda dillalai ke cewa ga ƙarfi ga rashin shan mai. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai sauran rabin maganar da ba su cika faɗa ba.

DAGA DOKI ZUWA AKORI-KURA

Aikin bishara a ƙasar Zazzau tun farkonsa aikin tafiya ne. Likita Walter Miller na ƙungiyar C.M.S. ya zauna a birnin Zariya a 1905, kuma a 1929 aka mai da mishan zuwa Wusasa. Masu bisharar wancan zamani a ƙafa suke yawo, ko a kan doki, daga baya keke ya shigo, sa'an nan babur. Iyayenmu har yau suna ba da labarin masu bishara da ke ɗaura Littafi Mai Tsarki da tabarma a bayan keke, su yi kwana da kwanaki suna bin ƙauyukan Maguzawa.

Da aka buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, sai akori-kura ƙirar 404, daga baya kuma 504, ta zama jakin ƙasar nan. Ita ce a kasuwar ƙauye, ita ce a gona, ita ce a mishan. Injinta na fetur ne, babu wata na'ura mai wuyar sha'ani a cikinsa, kowane bakanike a Tudun Wada ko Sabon Gari yana iya kwance shi ya mayar kafin la'asar. Waɗannan motoci yanzu sun tsufa, waɗanda suka rage sai lallaɓawa. Wurinsu kuwa ya koma hannun irin su Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, da Mitsubishi L200, da Isuzu D-Max, da Ford Ranger, da sauransu. Da yawa daga cikin masu shan gas, wato man dizal, da turbo suke zuwa.

Bukatar motar ba ta ragu ba. Ikkilisiyar da ke da rassa a ƙauyukan wajen Giwa, ko Kudan, ko Makarfi, ko Ikara, ko Soba, ta san abin da nake nufi. Akwai kwanon rufi da siminti da za a kai, akwai bencina, akwai janareto da majigi domin wa'azin dare, akwai masara da dawa daga gonar ikkilisiya. Akwai mai naƙuda da za a garzaya da ita asibitin Wusasa ko Shika da tsakar dare, akwai kuma gawar ɗan'uwa da za a kai garinsu. Da damina hanyoyin nan ba su jin maganar ƙaramar mota. Don haka babu mai musun amfanin akori-kura. Abin tambaya shi ne wace iri, kuma wa zai riƙe ta, da wane kuɗi.

MENE NE TURBO?

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya fahimci turbo. Gawayi ɗaya ne, amma da zarar yaron maƙeri ya kama zugazugi ya fara hura iska, sai wuta ta yi ja har ta narkar da ƙarfe. Haka inji yake. Ƙarfinsa daga ƙona mai yake fitowa, mai kuwa ba ya ƙonuwa sai da iska. Injin da ba shi da turbo da kansa yake shaƙar iska, gwargwadon girman cikinsa. Turbo shi ne zugazugin inji, yana tura masa iska fiye da abin da zai iya shaƙa, domin ya ƙona ƙarin mai ya ba da ƙarin ƙarfi.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1905, wato shekarar da Miller ya zauna a birnin Zariya. Hikimar da ke ciki ita ce, hayaƙin da inji ke fitarwa, wanda da a banza zai bi salansa ya tafi, shi ne ake sa wa ya juya wata 'yar fanka. Wannan fanka tana haɗe da wata fankar ta biyu a kan sanda ɗaya, ta biyun ce ke zuƙo iska daga waje tana danna ta cikin inji. Da yake iska tana yin zafi in an matsa ta, yawancin motocin yanzu suna da wata na'ura mai kama da ladiyeta wadda ke sanyaya iskar kafin ta shiga.

Ga abin da ya kamata kowane dattijo ya riƙe. Yayin da injin mota ke juyawa sau 2,000 ko 3,000 a minti ɗaya, sandar turbo takan haura juyi 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke kaɗa ta kuma yakan kai zafin digiri 600 ko fiye in mota tana aiki mai nauyi. Abin da ke tsakanin wannan sanda da gidanta, wanda ke hana ƙarfe cin ƙarfe, ɗan siririn baƙin mai ne kawai, wanda bai kai kaurin takarda ba. Ran turbo a cikin baƙin mai yake.

Amfaninsa kuwa a fili yake. Ƙaramin inji mai lita 2.4 ko 2.5 yana yin aikin da da can sai babban inji. Ƙarfin ja yana zuwa tun inji bai yi kuka sosai ba, abin da mai lodi ke bukata ke nan. Har ila yau, wanda ya saba zuwa taro a Jos ya san yadda tsohuwar mota ke kasala in ta hau tudu. Dalili shi ne Jos tana kan tsayin mita 1,200 daga teku, iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba, injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Mai turbo ba ta cika jin wannan ba, gama zugazuginta yana cike mata gurbin.

MAGANAR SHAN MAI

A nan ne dillali da ma'ajin ikkilisiya sukan saɓa. Gaskiya ne cewa akori-kura mai gas da turbo ta fi takwararta mai fetur tattalin mai. Lita ɗaya ta gas ta fi lita ɗaya ta fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma injin gas ya fi iya cin moriyar abin da ya ƙona. In mota lafiyayya ce, babu kaya, a kan kwalta, ana tafiya a hankali, mai gas da turbo takan sha wajen lita 8 zuwa 10 a kilomita 100. Mai fetur ta lita 2.7, wadda ita ce ta cika ma'aikatun gwamnati, takan sha 11 zuwa 13.

Bari mu yi lissafi. Daga Zariya zuwa Kaduna kimanin kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160. Mai shan lita 9 za ta ƙona lita 14 da ɗoriya, mai shan lita 12 kuwa lita 19. Bambancin lita biyar ne a tafiya guda. In ana irin wannan tafiya sau biyu a mako, a shekara an tsira da lita 500. Ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fa a lura da sharuɗɗan da na ambata: babu kaya, a kan kwalta, a hankali. Motar ikkilisiya yaushe ta taɓa tafiya babu kaya? Turbo ba ya ƙirƙiro ƙarfi daga iska kawai. Duk lokacin da direba ya taka totur ya ji motar ta zabura kamar ingarma, iska ce ta ƙaru, mai ma ya ƙaru tare da ita. Tattalin yana samuwa ne sa'ad da ƙaramin injin ke aikinsa na ƙaramin inji. Da an tilasta shi ya yi aikin babba, zai sha mai irin na babba. Ga kuma jarabar da ke tattare da ita: mota ce mai daɗin tuƙi, ƙafa ba ta son ɗagawa.

Gudu shi ne babban ɓarawon mai. Akori-kura doguwa ce, ƙirjinta faffaɗa, iska tana tokare ta. Wanda ya tashi daga gudun kilomita 90 ya koma 120 zai ƙara wajen kashi ɗaya cikin huɗu a kan man da yake ƙonawa, alhali daga nan zuwa Kaduna abin da zai rage bai kai kwata na awa ba. Sauran ɓarayin su ne taya marar isasshiyar iska, matacin iska da ya toshe da ƙura, kayan da aka tula suka zarce kan mota, da barin inji yana aiki a tsaye. Direban da ya zauna cikin sanyin mota yana jiran a tashi daga sujada yana ƙona kusan lita ɗaya a kowace awa, motar ba ta motsa ko taku ɗaya ba.

Sai kuma farashi. A zamanin da gwamnati ke tallafa wa fetur, gas ba ya cikin tallafin, don haka a 2022 litar gas ta tashi daga wajen Naira 300 ta haura 700, yayin da fetur a farashin gwamnati bai kai 200 ba. A lokacin, mai motar gas kuka yake yi duk da tattalin motarsa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta haura Naira 500, kuma a 2024 fetur da gas duka sun taɓa haura 1,000. Darasin shi ne, farashi yana juyawa kamar iskar bazara. Kada kwamiti ya yanke shawara a kan farashin yau kaɗai, a yi lissafi da lita.

Hanyar sanin gaskiyar shan man mota ba ta da wuya, kuma ba ta bukatar kwamfuta. A cika tanki fal, a rubuta lambar da ke kan agogon kilomita. In an dawo shan mai a sake cikawa fal, a rubuta litar da ta shiga da sabuwar lamba. A raba lita da kilomitar da aka yi, a ninka da 100. A yi haka sau uku ko huɗu. Ranar da lissafi ya tashi ba dalili, to, ko dai motar ba ta da lafiya, ko kuwa wani yana zuƙe mai da tiyo. Kowanne ne, gara a sani da wuri.

LODI DA JA

Mutanenmu suna auna lodi da ido: muddin akwai wuri, a ƙara. Mai ƙera mota kuwa da sikeli yake aunawa. Yawancin waɗannan motoci tan ɗaya aka yi su su ɗauka, wato kilo 1,000 ko abin da ya yi kusa da haka, kuma direba da fasinjoji suna cikin wannan lissafi. Buhun masara kilo 100 ne, buhun siminti kilo 50. Saboda haka motar da ta ɗauki manya biyar a gaba, abin da ya rage mata buhu shida ne na masara, ko bakwai in an matsa. Amma sau nawa muka ga buhu goma sha biyar a baya, mata takwas a zaune a kansu suna waƙa, ana dawowa daga taron Zumunta?

Haɗarin mai turbo shi ne ba ta ƙorafi. Tsohuwar 404 in an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, a gangaren farko za ta faɗa maka, ka ji tana nishi. Wannan kuwa za ta ja kayan kamar ba komai, har direba ya ɗauka lafiya ake. Amma turbo inji kaɗai ya ƙara wa ƙarfi. Bai ƙara wa birki ba, bai ƙara wa taya ba, bai ƙara wa sifirin ba. Ranar da akuya ko yaro ya gitta, ko taya ta fashe a cikin zafin watan Afirilu, a ranar ne za a san nauyin da ke baya. Waɗanda ke zaune a kan buhuna kuwa babu abin da ke riƙe da su sai ikon Allah, kuma an hana mu gwada Ubangiji.

Game da jan tirela, za a ji dillali yana cewa motar tana jan tan uku, har uku da rabi. Haka ne a kan wasu sababbin ƙira, amma da sharaɗi: sai in tirelar tana da birkin kanta. In ba ta da shi, iyakar da masu ƙera motocin suka sa kilo 750 ce. To, tirelolin da masu walda ke haɗa mana da tsohon gatarin mota, wacce ce ke da birki? Tankin ruwa mai lita 1,000 da ake ja zuwa wurin gini, ruwan kaɗai tan ɗaya ne, ba a sa nauyin ƙarfen ba. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za a ga komai ba, sai a gangare, inda tirela ke tura mota maimakon mota ta ja ta.

In ya zama dole a ja, a ɗora kaya mafi nauyi a kan gatarin tirela da ɗan gabansa, yadda kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin zai danna ƙugiyar mota. In nauyi ya koma baya, tirela takan fara kaɗa wutsiya, ƙarshenta ta juyar da motar. A sa sarƙa ta biyu ko da ƙugiya ta kuɓuce. A gangara tudu da ƙaramar giya, kada a dogara ga birki har ya yi zafi ya daina ci. A kuma sani cewa jan kaya mai nauyi yana iya ƙara rabin man da mota ta saba sha, ko fiye. Mai shan lita 9 sai ta koma 13 ko 14.

Akwai kuma jan motar da ta lalace, wanda ba ya ƙarewa ga mai akori-kura, gama kowa a unguwa ya san lambarka. Sandar ƙarfe ta fi igiya. A tuna cewa motar da injinta ya mutu birkinta da sitiyarinta sun yi tauri, don haka kada gudu ya wuce kilomita 40. Mota mai canza giya da kanta ba a janta nesa da tayoyinta a ƙasa, aikin janwe ne. In kuwa mota ce ta kafe a laka, kada a ɗaura igiya a kan dunƙulen ƙarfen ƙugiya a fizga da gudu. Ƙarfen yana iya ɓallewa ya tashi kamar harsashi, kuma ya sha kashe mutane a ƙasashe dabam-dabam. A kori yara da 'yan kallo nesa kafin a fara.

ABIN DA YA SAME MU

Ba daga littafi kaɗai na san wannan ba. Ikkilisiyarmu ta yi gidauniya ta sayi irin wannan mota, 'yar kwatano. Ina cikin kwamitin, ina kuma cikin masu laifi. Lokacin juyen baƙin mai ya yi, sai ga bikin godiyar kaka ya matso, muka ce a bari sai bayan biki. Bayan biki sai Kirsimeti. Matacin iska kuwa, maimakon a sayi sabo, sai a ciro shi a hura masa iska a wurin mai faci a mayar, ba mu san ya yage ba. Ga hunturu, ga hanyar ƙauye. Mabuɗi kuma yana hannun mutum huɗu, kowa in ya dawo daga doguwar tafiya sai ya murɗa ya kashe nan take ya fita.

Motar ta yi mana gargaɗi, mu ne ba mu ji ba. Da fari wani fito muka fara ji, sa'an nan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, baƙin mai yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Wata Asabar muna jaye da tankin ruwa, sai ƙarfi ya ɗauke gaba ɗaya. Da bakanike ya kwance turbo ya nuna mana, fikafikan fankar sun cinye kamar haƙoran tsohon zarto, sandar kuma tana rawa a cikin gidanta. Kuɗin gyaran ya ninka kuɗin juyen man da muka ƙi yi sau da yawa, asusu kuwa babu komai.

Wata biyar motar tana zaune. Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Ina da ajin masu shirin baftisma a wani ƙauye, manya goma sha ɗaya, waɗanda nake zuwa wurinsu kowane mako biyu. Na yi ƙoƙari da babur, amma da ruwa ya sauka rafi ya cika, sai tafiya ta yanke. Da muka koma, bakwai muka tarar. Mai bisharar da ke wurin bai yi mana faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, ko mun manta da su ne. Har yau ban sami amsar da ta gamsar da ni ba. Galan ɗaya na baƙin mai ne ya raba mu da mutum huɗu.

YADDA AKE RIƘE TA

Rigakafi ya fi magani, kuma dokokin ba su da yawa. A juye baƙin mai da matacinsa kowace kilomita 5,000, gama hanyoyinmu masu ƙura ne, a kuma sayi irin man da littafin motar ya faɗa, a rufe cikin galan, daga wurin da aka amince da shi. A duba matacin iska kowane mako da hunturu, in ya gaji a canza shi. Da safe a bar inji ya yi kamar minti ɗaya kafin a tashi, a tafi a hankali har ya ɗumama. In an dawo daga gudu ko jan kaya, a bar shi yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, domin da an kashe inji mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a cikin turbo mai zafi kuwa sai ya ƙone ya zama gawayi ya toshe hanya.

A guji gas na jarka a bakin titi. Injunan yanzu suna fesa mai ta ƙofofin da ba su fi kaurin gashi ba, ɗan ruwa ko kananzir ko datti ya isa ya lalata su, kuma gyaransu ya fi na turbo tsada. Akwai ɗan kofi a ƙarƙashin matacin gas da ke tara ruwa, a riƙa tsiyaye shi.

Ga masu shirin saye, kada a yi cinikin biri a sama. A tafi da bakaniken da ya san injin gas, a tayar da motar da sanyin safiya a dubi hayaƙinta, a hau tudu da ita. Motocin da aka yi domin Turai suna da wani matacin hayaƙi a cikin salansa wanda ke son gas mai tsabta ƙwarai. Shekaru da yawa gas ɗin da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma cike yake da sinadarin farar wuta. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a rage shi ƙwarai, a 2024 kuma matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da gas, amma duk da haka a tambaya ko motar tana da wannan mataci, da kuma wanda zai iya gyara shi a kusa. A tambayi farashin turbo da sauran kayan gyara a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano tun kafin a biya, ba bayan an biya ba. Araha ba ta ado.

Kuma ba abin kunya ba ne ikkilisiya ta ce ba ta isa ba tukuna. Wata, injin gas marar turbo ya ishe ta, ko da ba shi da zafin nama. Wata, babura uku ga masu bishara da hayar mota sau biyu a wata sun fi mata. Ikkilisiyoyi uku ko huɗu na gunduma ɗaya ma suna iya haɗa hannu su riƙe mota guda da kyau, maimakon kowacce ta ajiye tata a kan duwatsu.

RIƘON AMANA

Daga abin da ya same mu muka tsai da ƙa'idodi huɗu, ina kuma miƙa su ga 'yan'uwa. Na ɗaya, direba ɗaya, mabuɗi ɗaya, a kuma biya shi haƙƙinsa a kan kari domin kada ya shiga jaraba. Na biyu, littafi a cikin mota, a rubuta kowace tafiya da kowace lita, ko limami ne ya fita da ita, a karanta shi a gaban kwamiti kowane wata. Na uku, asusun gyara dabam, wanda biki ba ya taɓawa, kuma duk wanda ya ari motar domin aure ko kwasar amfanin gona ya zuba mai ya kuma sa wani abu a asusun. Na huɗu, in rai ne ke cikin haɗari, babu tambayar kuɗi, babu tambayar addini. A Tudun Wada katanga ɗaya ce ke raba mu da maƙwabtanmu Musulmi, kuma motar da ta kai matar maƙwabci asibiti da ƙarfe biyun dare ta yi wa'azin da ya fi nawa.

A cikin Luka 14:28-30 Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya ƙididdige abin da ginin zai ci, don kada ya kafa tushe ya kasa gamawa ya zama abin dariya. Maganar bin sa yake yi, amma hikimar ta shafi duk abin da muka sa hannu a kai da sunansa. Manzo Bulus kuma, a 1 Korintiyawa 4:2, aminci ne ya ce ana nema a wurin wanda aka ba riƙon kaya. Ranar keɓewa yini ɗaya ce. Amincin ana ganinsa ne ranar Talata da safe, sa'ad da babu mai guɗa, wani ya buɗe gaban mota ya zaro sandar awon mai ya duba.

Saboda haka, ya dattawa da 'yan kwamiti, kafin a buga katin gidauniya a zauna da biro da takarda. Mutanen ƙauye suna jiranmu a hanya, kada su jira a banza. Allah ya ba mu hikima da aminci a kan abin da ya danƙa a hannunmu, ya kuma kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.